Awon Bayan Inna Muna

In ka sauka a tashar Filinge ka ce a kai ka wajen Habsa tela, sai a tsaya ana kallon juna, don teloli a garin sun yi yawa kuma ba wata Habsa a cikinsu. Amma ka ce Habsa mai ɗinkin tsofaffi, ko mai goro zai miƙa hannu ya nuna maka lungun. Ba ta da shago, ba ta da allo a ƙofa. Keken ɗinkinta na ƙarƙashin rumfar kara a tsakar gida, tsakanin randa da turken akuya, kuma tun daga zaure za ka jiyo ƙararsa.

'Yar ƙauyen Tabla ce, 'yar manoman gero, ba ta taɓa taka lakwal ba, wato makarantar boko. Da facin buhunan hatsi ta fara riƙe allura, daga nan ta koma facin zannuwan uwarta, har aka lura cewa facin yarinyar nan ya fi zanen daɗewa. Aure ne ya kawo ta Filinge, gidan Kailu dillalin awaki, mutumin da yake ƙarar da maganarsa duka a kasuwa ya dawo gida da shiru. Shi ya samo mata keken, baƙi mai takawa da ƙafa, a hannun wani tela da ya tattara ya koma Yamai. Ta yi goyo a kan keken nan, ta yi yaye a kansa, ta ɗinka kayan auren 'ya'yanta a kansa. Yanzu furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin kallabi, amma ita da keken ba wanda ya ce ya gaji.

Ɗinkinta na da ne. Wuya mai kusurwa huɗu, hannu mai kumburi a kafaɗa, maɓallai da aka lulluɓe da ƙyallen rigar, da kuma taibas, rigar nan ta zamanin kakanni mai kama jiki daga kafaɗa zuwa ƙugu sannan ta buɗe da tattara a ƙasa. An yi shekaru 'yammata na wucewa suna yi mata dariya. Sai ga duniya ta juyo, 'yammatan suka fara shigo mata da waya a hannu suna nuna hotunan kakanninsu, wai irin wannan suke so. Habsa ba ta rama dariyar ba, ta dai ce su zauna.

Sai dai a faɗi gaskiya, akwai iyakar abin da ta iya. Habsa ba ta san awo da tef ba, ba ta iya fitar da riga daga kanta ba. Yadda aka saba a wajen matan Kurfai, yankin da Filinge take ciki, mai son ɗinki takan zo da rigar awo, wata tsohuwar rigarta da ta yi mata daidai. Habsa ta shimfiɗa ta a kan sabon ƙyalle, ta bi gefenta da alli, ta gyara da taƙi da yatsu, ta yanka. Ba a taɓa jikin kowa, ba a jin kunyar kowa. Haka ta yi rayuwarta, kuma hakan bai taɓa ba ta kunya ba sai a kan surukarta.

Inna Muna, uwar Kailu, tana ɗakin gabas na gidan. A zamaninta an san ta da gayu. Tsofaffin unguwa har yanzu sukan ce in Muna ta sha taibas ta nufi gidan buki, masu jan guga sukan manta da igiya a hannu. To amma rijiyoyin Kurfai na da zurfi, turmi kuma ba ya tausayin kowa. A hankali bayanta ya fara duƙawa, kafaɗar dama ta sauka ƙasa da ta hagu, har ya zama in tana tafiya ƙasa take kallo. Duk rigar da ta sa, gaba ya ja ƙasa, baya ya ɗage, wuya ya zame ta gefe ɗaya. Da ta ga haka sai ta daina fita. Suna ko biki ko gaisuwar mutuwa, sai dai ta ba da saƙo.

Tana da ƙanwa guda da ta rage mata a duniya, Rukayya, wadda ke aure a Bonkuku. Rabonsu da juna tun kafin bayan ya duƙa sosai. Wata rana bayan kaka, da la'asar, wayar Kailu ta yi ƙara, ya kai wa uwarsa har bakin tabarma. Habsa na kan keke, ta tsayar da ƙafa, muryar Rukayya na fitowa sarai.

"Yaya, ki taho. Jikina ya ƙi hanya, ba ni iya zuwa. Ki taho kahin ruwa su sauka, don Allah."

"In Allah ya so," in ji Inna Muna. Da aka kashe wayar ta miƙa wa ɗanta, ta ce, "Ba ni zuwa."

"Inna, don mi?"

"Dibe ni. Rukayya tsaye tas san ni. Hakanga za ni shigam mata gida, riga na sharar ƙasa gaba, baya na leƙen sama?"

Kailu ya mayar da wayar aljihu. A kasuwa yana iya sa mutum ya sayi akuya gurguwa yana godiya, amma a gaban uwarsa ba shi da ta cewa.

Kwana kaɗan bayan haka Inna Muna ta kira Habsa ɗakinta. Ba ta kiran sunanta, tunda matar ɗanta na fari ce, sai dai ta ce ɗiyat Tabla. Ta buɗe adaka, ƙanshin kafur ya cika ɗakin. Ta fito da turmin atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ba a taɓa sa mata almakashi ba, ta ɗora wata tsohuwar taibas a kai, wadda wanki ya cinye launinta.

"Wagga atamhwa Rukayya ta aiko min ita, tun shekarad da ɗanta yad dawo daga Kwatano. Ga rigar awo. In kin ɗunka min irinta, ta zamna min, sai in tahi."

Habsa ta karɓa da hannu biyu, kanta a sunkuye, zuciyarta fal murna. Nan ne ta yi kuskurenta, kuskuren da kunya ce ta jawo shi. Shekara da shekaru suna gida ɗaya, tana kai mata tuwo tana ɗebo mata ruwan alwala, amma ba ta taɓa ɗaga ido ta ƙare wa surukarta kallo ba. Wace sarakuwar kirki ce ke yin haka? Ta san dai Inna ta duƙa, kamar yadda kowa ya sani, amma ba ta san yadda ta duƙa ba. Sai ta yi abin da ta saba. Ta yanki zane ɗaya daga turmin, ta shimfiɗa rigar awo a kai, ta ɗan ƙara yatsu biyu a kowane gefe don tsufa, ta yanka. Ta zuba duk iyawarta a kai, rigar ta fito kyakkyawa ƙwarai. Rigar wata amarya ce mai miƙaƙƙen baya, wadda ta bar duniya da daɗewa ko da yake tana nan da ranta a ɗakin gabas.

Da aka zo gwaji, da ƙyar hannu ya shiga. Bayan rigar ya tsaya a kan ƙusumbin ya ƙi sauka, wuyan ya shaƙe ta, gaban ya yi lakwab yana reto. Inna Muna ta tsaya a tsakiyar ɗaki, hannuwanta a ɗaure cikin shuɗiyar atamfa, ba ta iya ko motsa su. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi.

"Cire min," ta ce a hankali.

Habsa ta cire mata, idonta ya cika da hawaye. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ki gahwarce ni. In kin yarda in auna ki, ko da igiya..."

"Awo? Mai rai ba a auna shi. Ku yi haƙuri ranar ta zo, ku karyo kara ku gwada ni son ranku."

Habsa ta ji maganar har cikin ƙashinta. A wajen tsofaffi irin su Inna, tsawon mutum ba a ɗaukarsa sai ranar da ya cika, a gwada shi da karan gero a kai wa masu haƙa kabari. Tsohuwar ta naɗe zane biyun da suka rage ta mayar adaka ta kulle, ta ce a gaya wa Rukayya jiki ba daɗi. Zane biyu ke nan, ɗaya na ɗaurawa, ɗaya na riga. In aka sake ɓata shi, shi ke nan.

Abin ya tsaya wa Habsa a rai. Ta ga cewa da hannunta ta nuna wa tsohuwa abin da take gudun gani, kuma in ruwa ya sauka ba a je Bonkuku ba, wa ya san wadda za ta kai wata shekarar cikin su biyun? Ranar kasuwa da ta biyo baya ta ɗauki rigar da ta lalace ta ƙunshe a mayafi, ta nufi fuwaye, makarantar da ake koya wa mata sana'ar hannu a bayan gari.

Malamar ɗinki a can, Madam Balkisa, ba ta fi sa'ar 'yar Habsa ta biyu ba. A Yamai ta yi karatun ɗinki, tef a rataye a wuyanta kullum, ba ta wasa da aiki. Ta juya rigar ciki da waje, ta bi ɗinkin da farce, ta ɗago ta dubi Habsa.

"Tanti, hannunki ya hi nawa tsabta. Matsalar ba ga ɗunki take ba, ga yanka take. Ƙyalle shimhiɗaɗɗe na, mutum kau ba shimhiɗaɗɗe ba na."

Ta sa aka kawo ƙwarya, ta kife ta a kan tebur, ta rufa mata ƙyalle. Ƙyallen ya yi ninki-ninki a gefe. Madam ta kama ninkin ɗaya bayan ɗaya tana soka musu allura, sai ga ƙyalle ya kwanta luf a jikin ƙwarya kamar da shi aka halicce ta. Ta ce wannan tsukewar ita ake kira pans, kuma da ita ake sa riga ta bi tudu da kwarin jiki. Habsa ta daɗe tana kallon ƙwaryar. Tun tana yarinya take ɗinki, sai yau aka buɗe mata ido, a kan ƙwaryar da ba ta fi wadda take dama fura a ciki ba.

Daga ranar ta zama 'yar makaranta. Da hantsi in ta gama aikin gida sai ta yafa mayafi ta tafi, ta zauna a benci ɗaya da 'yammatan da ta ɗinka wa iyayensu kayan suna. Ba ta ji daɗin farkon ba. Lambobin tef sun ƙi zama a kanta, ta riƙe shi a juye ba sau ɗaya ba, 'yammata na ƙunshe dariya a mayafi. Amma ta koyi zana riga a kan takardar buhun siminti kafin a taɓa ƙyalle. Ta koyi raba bayan riga gida biyu a haɗe su da ɗinki mai lanƙwasa, yadda zai ba tudu wuri. Ta koyi cewa mai duƙaƙƙen baya ana ƙara masa tsawo a baya a rage a gaba, a jawo ramin hannu ya matso gaba, kafaɗar da ta sauka kuma a yanka tata daban. Ta koyi yanka ƙyalle a karkace don ya yi laushin bin wuya. Sa hannun riga ya kwanta ba tare da ya tattare ba, shi ya fi ba ta wuya, ta farke shi ta sake har ta daina lissafi.

Sau ɗaya suka saɓa da Madam. Ta ce wa Habsa ta fara yin rigar gwaji da farin akoko, haka ake yi a ko'ina. Habsa ta dafe ƙirji.

"Hwarin ƙyalle, Madam? Ga tsohuwad da ta ce kar a auna ta? Ai sai ta ce likkahwani niɗ ɗunka mata."

Madam ta rufe baki da hannu, ta ce wallahi ba ta kawo wannan ba. Aka tsaya a kan tsofaffin zannuwa. Sai dai awon fa? Ba awo, ba takarda. Madam ta kama hannun Habsa ta buɗe shi a kan tebur, ta auna taƙinta da tef, ta auna faɗin yatsunta.

"Ki kawo min ita cikin hannunki, Tanti. Ni in maishe shi lamba."

Lokacin sanyi ne, kuma sanyi na taso wa Inna Muna da ciwon baya. A da jikarta ce ke shafa mata man kaɗe, to an kai ta gidan miji, tsohuwar kuma ta gwammace ta yi ta nishi da ta roƙi wani. Wata la'asar Habsa ta narka mai a ƙaramin kwano, ta tsaya a ƙofar ɗakin gabas har man ya fara daskarewa, sannan ta yi sallama. Ta ce ta ji Inna na nishi ne, ko za ta bari a shafa mata. Tsohuwar ta dube ta ta gefen ido, ta yi tsaki kaɗan, ta juya baya ta sassauta zane.

Ranar Habsa ta ga bayan surukarta. Ƙasusuwan sun jeru sun lanƙwashe, fatar ta yi laushi ta yi sirara, ga tabon ƙaho nan birjik na shekarun da aka yi ana neman sauƙi. Bayan nan ne ya goyi Kailu, ya goyi ƙannensa, ya goyi 'ya'yan Habsa ma lokacin da take kan keke. Tausayi ya kama ta har ta manta da abin da ya kawo ta, ranar ba ta auna komai ba, shafawa kawai ta yi. Sai a kwanakin da suka biyo baya ta fara. Ta ɗora babban yatsa a ƙashin wuya, ta miƙa taƙi, ta sake miƙawa har ƙugu. Daga kafaɗa zuwa kafaɗa ta kan tudun. Daga hammata zuwa hammata. Kowace rana wuri ɗaya, ta riƙe a ka, da safe ta kai wa Madam. Har suka fara hira a kan tabarmar nan, abin da ba su taɓa yi ba. Inna ta ba ta labarin yadda ita da Rukayya suke satar kwallin uwarsu, da yadda Rukayya ke tsoron raƙumi har ta girma.

A fuwaye akwai mutum-mutumin gwada riga, amma miƙaƙƙe ne kamar soja, ba shi da amfani a nan. Habsa ta yi nata a ɗakinta. Ta cika buhu da ƙaiƙayi ta kafa shi a kan tsohon turmi, ta ɗaure shi da igiya ta lanƙwasa, ta cusa tsumma a inda tudun yake, ta danne kafaɗa ɗaya. Tana rufe shi da zane, don in Inna ta gani ba za a wanye lafiya ba. Wata rana Kailu ya shigo neman hularsa ya tarar da shi a buɗe, sanye da rigar gwaji. Habsa ta jira ya yi dariya ko ya yi faɗa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tsaya yana kallon buhun ƙaiƙayi, ya kai hannu ya shafa kafaɗar da ta sauka.

"Hakanga tak koma?" ya ce. Shi ma ashe bai taɓa duba ba. Ya fita ba tare da hular ba.

Rigunan gwaji sun ci zannuwan Habsa da dama kafin ɗaya ta kwanta a jikin buhun ba ninki ba ɗagewa. Madam ta zo har gida ta zagaya ta, ta ja nan ta ja can, ta ce saura atamfa. Atamfa kuwa na cikin adaka, mabuɗi na ɗaure a bakin zanen Inna. A lokacin zafi ya shigo, masu gona sun fara sharar gonaki, kowa na duban gabas.

Habsa ta shiga da man kaɗe kamar kullum, tana shafawa tana neman ta inda za ta fara. Hannunta ya bi hanyar da ya saba, daga wuya zuwa ƙugu. Sai ta ji tsohuwar ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Ɗiyat Tabla, har yanzu ba ki ƙare ƙidaya ba?"

Hannun Habsa ya tsaya cak.

"Kina tsammani ban sani ba? Tun ran da kinka hwara nis sani. Mai shahwa mai ba ta tsayawa tana motsa baki."

"Inna, ki gahwarce ni."

"Ai ba kara kinka kawo ba, hannunki na. Kuma baya ya yi sauƙi." Ta kwance mabuɗin daga bakin zane ta miƙo ta kan kafaɗa. "In kinka ɓata wanga, kar ki nuna min. Ki ce akuya ta ci."

Da safe Habsa ta share tsakar gida, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta ɗaure akuyar nesa, ta shimfiɗa atamfar. Ta jera takardun siminti a kai, ta duba cewa ganyen zanen zai haɗu a ɗinkin baya. Ta ɗauki almakashi. Ta ajiye shi, ta sha ruwa, ta yi bisimilla, ta yanka. Ta buɗe rigar ta gaba da maɓallai don kada a wahalar da hannu, ta sa mata shafi mai laushi a ciki, ta yi kalmasar ƙasa da allurar hannu.

Ranar gwaji na biyu ta zo. Hannu ya shiga, ɗayan ya shiga. Habsa ta ɓalla maɓallan tun daga ƙasa har wuya, ta koma baya. Rigar ta bi tudun ta sauka ta kama ƙugu, tattarar ta buɗe daidai gaba da baya, kafaɗun suka kumbura kamar na da. Ba ta miƙar da bayan ba, ba rigar da za ta iya wannan. Ta dai zauna a jikin mai ita. Inna Muna ta ɗaga hannu ta sauke, ta shafa ƙirji, ta ɗan juya. Yabo ba ya cikin halinta, don haka ba ta yaba ba. Ta ce a miƙo mata kwalli da 'yan kunnenta na cikin gwangwani, kuma a gaya wa yaron nan, wato Kailu da furfurarsa, ya nemo mota.

Habsa ce ta raka ta. Duk hanya tsohuwar na zaune a gaba, ba ta jingina ba don kada rigar ta yamutse. Da suka shiga Bonkuku suka wuce lambuna, sai ta shiga gyara kallabi. Lawali, ɗan Rukayya, ya tarbe su a ƙofar gida, yana gaisuwa yana kauda ido kamar mai laifi.

Rukayya na zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki, bayanta a miƙe tsaf. Inna Muna ta tsaya daga nesa kaɗan, ta ja tattarar rigar, ta ɗago kai iyakar yadda wuyan zai bari, tana jiran kallon da ta yi shekaru tana tsoro. Rukayya ta juyo da fuska, amma ba daidai inda suke ba.

"Yaya, ke ta? Matso in ji ki."

Idanunta sun yi fari fat. Lawali ya sunkuyo ya raɗa wa Habsa cewa yanar ido ce ta rufe su tun bara waccan, kuma ta hana kowa ya faɗa wa 'yan Filinge. Habsa ta dubi rigar, ta dubi idanun, ta rasa wanda za ta fi tausaya wa.

Inna Muna ta daɗe a tsaye. Sannan ta taka ta je ta zauna gab da ƙanwarta. Rukayya ta lalubo fuskarta, ta shafa kunci, ta taɓa ɗan kunne, hannun ya sauko wuya. Ya ci karo da maɓalli mai lulluɓi, ya koma kafaɗa ya ji kumburin hannu, ya gangara ya kama tattara.

"Taibas!" Rukayya ta ce, ta yi wata 'yar ƙara irin ta yarinya. Ta kai hanci ta shinshina. "Atamhwata ta? Yaya, don ni kinka sha taibas?"

"To don wa?"

Hannun ya nufi baya, Inna Muna ta ɗan janye. Habsa ta ga janyewar. Inna tana iya barin abin a haka, Rukayya ba za ta taɓa sani ba. Sai tsohuwar ta kama hannun ƙanwarta da kanta, ta ɗaga shi ta ɗora a kan ƙusumbin. Yatsun Rukayya suka sami ɗinkin tsakiya, suka bi shi a hankali tun daga wuya, suka hau tudun suka sauka har ƙugu.

"Yaya, kin duƙa."

"Na duƙa. Ke kau kin ɓoye min idanunki."

"Ke da kinka ɓoye min bayanki?"

Suka fashe da dariya su biyu, dariyar ta yi nisa har ta koma kuka, Rukayya ba ta ɗauke hannunta daga bayan ba. Habsa ta ajiye ƙunshin tsaraba a bakin ƙofa ta zagaya bayan ɗaki, ta zauna a kan wani kututture ta yi nata kukan, na daɗi, har ya ishe ta.

Da la'asar mai mota ya aiko cewa zai juya. Habsa ta je ta durƙusa ta ce, "Inna, lokaci ya yi." A lokacin sun fito tsakar gida suna tafiya a hankali, Rukayya ta dafa kafaɗar yayarta, Inna Muna na faɗa mata inda turmi yake da inda igiyar shanya take.

"Ki tahi ke ɗai," in ji Inna Muna. "Ki ce ma yaron nan sai bayan kaka. Wagga ba ta ganin gabanta, wa za ni bar ma ita?"

Habsa ta koma Filinge ita kaɗai, a kujerar gaba. Da suka hau hanya hadari ya fara haɗuwa a gabas, mai mota ya ce da alama ruwan farko ne.